Da Kaka Ya Sayar, Da Damina Ya Roƙa: Laifin Wa?

A kowace kasuwar hatsi ta ƙauye, daga ƙarshen Oktoba zuwa Disamba, akwai wani mutum da ba ka rasa gani. Ya iso tun da hantsi da buhu uku ko huɗu a amalanke. Dillali ya ɗebi ƙwayar a tafin hannu, ya watsa a baki ya tauna, ya yi tayi. Mai kaya ya ce albarka. Aka ja, aka ƙara masa abin da bai taka kara ya karya ba, ya sallama. Kafin kuɗin su yi ɗumi a aljihunsa, ga mutum uku a gindin darbejiya suna jiran a gama lissafi: wanda ya ba shi taki bashi a watan Yuni, mai kemis ɗin da ya yi wa ɗansa allurai lokacin da zazzaɓi ya kwantar da shi, da ɗan aiken wanda ya ranta masa kuɗin noma. Kafin la'asar ya kama hanyar gida da ƙullin gishiri da daddawa da ɗan yadin da za a ɗinka wa yara. Bayan wata takwas kuma ga shi a layin 'yan awo, yana sayen gero tiya-tiya, a farashin da a yawancin shekaru ya yi nisa da wanda ya sayar.

In wannan labari ya zo majalisar 'yan birni, hukuncinsa ba ya ɗaukar minti biyu. "Ai mutanen ƙauye ba su san tanadi ba. Da kaka ta yi sai aure, sai sabon babur." Wani ya ce jahilci ne, wani ya ce yawan haihuwa ne, mai sauƙin hali ya ce ƙaddara ce, a tashi a watse. Wannan magana ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, don masu yin ta galibi mutane ne da in albashinsu ya yi jinkirin mako biyu gidansu zai rikice. Fari da ambaliya da fara suna sauka a kan gonar mai hali da ta talaka ba tare da sun tambayi sunan mai ita ba. Wani ya girgije ya miƙe, wani kuma faɗuwar ke nan. Bambancin yana wajen abin da kowannensu ya jingina da shi, kuma abubuwan da mutumin ƙauye ya saba jingina da su an yi ta zare su ɗaya bayan ɗaya, yawanci ba da shawararsa ba.

1. Noma da yunwa a ciki

A fara da kalandar manomi, don a nan tarkon yake. Aiki mafi nauyi a gona, wato noman farko da maimai, yana faɗowa ne a Yuli da Agusta, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, hatsi ya yi tsada, sauro ya yi yawa, hanya ta yanke. Watannin da jiki ya fi bukatar abinci su ne watannin da abinci ya fi ƙaranci. A lokacin ne ake cika tukunya da tafasa da rama da zogale, a yi kwaɗo a ba yara su kwana.

Magidancin da hatsinsa ya ƙare a watan Yuni zaɓi biyu gare shi. Ko ya tsaya a gonarsa iyali su kwana da yunwa, ko ya ɗauki fartanya ya tafi ƙwadago gonar mai hali, ya dawo da yamma da abin awo. Kowa ya san wanda zai zaɓa. To amma ciyawa ba ta jiran kowa. Kwanakin da ya yi yana gyara gonar wani su ne kwanakin da tasa take sarƙewa, kuma gero ko dawar da ciyawa ta danne a makonnin farko ba ta sake murmurewa yadda ya kamata. Da kaka sai ya girbe abin da bai kai na bara ba, hatsin ya ƙare da wuri fiye da bara, ya fita ƙwadago da wuri fiye da bara. Wanda ya kira wannan mutum malalaci bai taɓa ƙirga kunyoyin da ya nome a damina guda ba. Ya fi mai gonar da ya yi wa aiki shan rana, sai dai guminsa a rumbun wani ya zuba.

Sai bashi. Ba banki ba ne ke ba shi, don banki na neman takardar shaidar mallaka, gonarsa kuwa shaidarta ita ce dagaci da maƙwabta da bishiyar kan iyaka. Mai ba shi bashi shi ne attajirin gari ko ɗan kasuwar hatsi, sharaɗin kuma sananne ne: karɓi kuɗi yanzu, ka biya da buhu da kaka, a farashin da aka yanke tun shuka tana ƙasa. Malamai sun sha yin wa'azi a kan irin wannan ciniki, kuma suna da gaskiya. Amma wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Shi ya sa kasuwa ke cika maƙil da hatsi a mako guda, farashi ya faɗi, don dubban mutane ne ake bin su bashi a rana ɗaya. Mai ƙarfin jira ya saya ya tara a sito, a kasuwar Dawanau ko wani wuri, ya jira damina.

Ban ce babu masu almubazzaranci ba. Akwai wanda zai sayar da rabin amfaninsa ya ƙara aure alhali ta gida ba ta da zanen kirki, kuma a gaya masa gaskiya. Sai dai ko bikin da ake zagi yana da wani amfanin da ɗan birni ba ya gani. Gudummawar da mace ta kai bikin ƙawarta bana ajiya ce, ranar da tata ta taso za a dawo mata da ita har da ƙari. A inda babu inshora, zumunci ne inshora, kuma shi ma kuɗi yake ci.

2. Yadda rumbu ya ƙanƙance

Yunwa ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, har sunaye ake raɗa mata. Ta 1913 zuwa 1914 ita ce Kakalaba. Ta 1984 mutanen Nijar suka kira ta El-Buhari, saboda ta zo daidai lokacin da gwamnatin soja ta Najeriya ta rufe iyaka. Tsofaffi da yawa har yanzu da farin 1973 suke lissafin shekarun haihuwa.

Saboda sanin haka, kakanninmu sun gina rayuwarsu a kan zaton cewa shekara mai kyau ba ta ɗorewa. Ana haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya, in wannan ya ƙi wancan ya yi. Ana ajiye damman gero da zangarniyarsu a rumbu su shekara biyu ko uku. Gandu yana haɗa uba da 'ya'yansa maza a gona ɗaya da tukunya ɗaya, ta yadda ciwon mutum guda ba ya tsayar da noma. Ga gayya, ga zakkar hatsi. Wani masani ɗan Ingila, Michael Watts, wanda ya zauna a Kaita ta ƙasar Katsina ya kuma fitar da littafinsa a 1983, ya kafa hujja da cewa abin da ya tsananta Kakalaba ba rashin ruwa kaɗai ba ne. Turawa sun mai da haraji na tsabar kuɗi, ba sa ɗaga ƙafa ko shekara ta ɓaci, jirgin ƙasa kuma ya iso Kano a 1911 ya buɗe kasuwar gyaɗa. Manomi ya koma sayar da abin da a da yake ajiyewa, don ya sami kuɗin da zai ba mai karɓar haraji.

Sauran aikin rabon gado ne da yawan jama'a suka ƙarasa shi. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai yau jikoki goma sha ne a kanta, kowa da 'yar falle. Babu sauran barin gona ta huta, saboda haka sai da taki, takin kuma da kuɗi. Gandu ya watse saboda saurayi na son kuɗin kansa, kuma ba a ga laifinsa ba. Gayya ta koma ƙwadago. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan sauye-sauye yana da dalilinsa mai kyau. In aka haɗa su wuri guda, sakamakon shi ne magidanci ya wayi gari shi kaɗai, da gona ƙarama, kuma komai nasa ya rataya a kan farashin kasuwar da ba shi da ta cewa a cikinta.

Wanda ke shakkar cewa kasuwa ce, ba sama kaɗai ba, ya tuna Nijar a 2005. Inda yunwar ta fi kama yara ba can arewa cikin hamada ba ne, jihohin Maraɗi da Damagaram ne, wuraren da suka fi ko'ina noma. Hatsi na nan jibge a kasuwa, kuɗin sayensa ne babu, dabbobin da talaka zai sayar ya saya kuma sun rame darajarsu ta faɗi. A shekarar nan ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara sama da 60,000 masu tsananin tamowa a ƙasar.

3. Hukuncin da ake yankewa a ofis

Nan ne ya kamata 'yan birni mu sunkuyar da kai, don yawancin abin da ya girgiza ƙauye a shekarun nan daga teburinmu ya fito.

Ɗauki ruwa. An gina madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, don noman rani da ruwan shan Kano, kuma sun yi amfani, ba mai musu. Amma mutanen ƙasa da su, daga Haɗeja zuwa Nguru, rayuwarsu a kan ambaliyar shekara-shekara take: ruwa ya zo ya malale fadama, a yi shinkafa, a kama kifi, ya janye a shuka a danshi, makiyayi ya shigo da shanu. Da aka sauya tafiyar kogin, ciyawar kachalla ta toshe hanyoyin ruwa. Wani wuri ya bushe, wani wuri ruwa ya zauna ya ƙi tafiya, in damina ta yi ƙarfi kuma kogin ya rasa hanya ya afka gari. Ambaliyar 2022, wadda ta kashe mutum sama da 600 a faɗin Najeriya ta raba sama da miliyan guda da gidajensu, Jigawa na cikin jihohin da ta fi yi wa ɓarna. A madatsar Bakolori kuwa, kusa da Talata Mafara, manoman da aka tasa daga gonakinsu suka nemi diyya, a watan Afrilun 1980 aka amsa musu da bindiga. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, saboda haka gonar da mutum ya gada tun kaka da kakanni, in aka ce ana bukatarta don amfanin jama'a, abin da yake da haƙƙin nema shi ne diyyar amfanin da ke kai da abin da ya gina.

Ɗauki cirani. Tun fil azal shi ne ƙafar ƙauye ta biyu. Da an gama girbi samari su bazama birni, wannan ga-ruwa, wannan dako, wannan yankan farce, wannan acaɓa. Riba biyu ce: an rage bakin da ke cin rumbu, sannan a dawo da kuɗin taki. Kano ta hana acaɓa a Janairun 2013, Legas ta hana a manyan yankunanta a 2020 ta kuma tsananta a 2022. Akwai dalilan tsaro da na haɗari, na yarda. Amma ko akwai wanda ya zauna ya tambaya gona nawa ce a Jigawa da Katsina da Zamfara takinta a kan waɗannan babura yake fitowa?

A jera sauran. An rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019 har zuwa Disamban 2020, aka sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, kasuwanni irin su Jibiya da Illela da Maigatari suka yi sanyi, alhali garuruwan da ke kewaye da su da wannan zirga-zirga suke ci. A ƙarshen 2022 aka sauya fasalin naira, a farkon 2023 tsabar kuɗi ta ɓace, aka ce kowa ya koma tura kuɗi ta waya, a ƙauyukan da sai an hau tudu ake samun sabis. Mutane sun karyar da awaki da hatsi ga duk wanda ya zo da tsaba a hannu. Ana kukan targaɗe sai ga karaya: ranar 29 ga Mayun shekarar aka cire tallafin mai, kuɗin ban-ruwa da inji da kuɗin kai kaya kasuwa suka tashi, a kan takin da ya riga ya yi tsada tun fara yaƙin Rasha da Yukiren a 2022. Da kukan tsadar abinci ya yi yawa a birane, a 2024 aka sassauta harajin shigo da hatsi daga waje. Farashi ya sauko, 'yan birni muka yi hamdala, manomin da ya sayi taki da tsada ya tarar buhun masararsa ba ya mai da abin da ya kashe.

Wasu daga cikin waɗannan matakai ana iya kare su da hujja. Abin da ba a iya karewa shi ne duk an ɗauke su ba tare da an duba kalandar manomi ba, kuma babu guda da aka ji ta bakinsa kafin a zartar. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ba a tambayarsa.

4. Ciwo guda

Ba sai an yi fari gida ke rushewa ba. Naƙuda ta zo da gardama cikin dare a watan Agusta, asibitin da ke da likita da jini yana hedikwatar ƙaramar hukuma, rafi ya cika. Kafin a fito da mace daga wannan hali an sayar da tunkiyarta, an sayar da sa na huɗa, wani lokaci an jinginar da gona. Awaki da tumakin da ke ɗaure a tsakar gida, waɗanda galibi na mata ne, su ne asusun gidan, kuma su ake fara taɓawa. In mai gidan ne ya rasu, matar ta tashi da tumunin dukiyar da dama ba ta da yawa, da yara a gabanta.

Rashin zaɓi kuma yana kai mutane inda ba su zata ba. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara, yara aƙalla 400 suka mutu da gubar dalma, saboda ana kawo duwatsun zinare cikin gida ana daka su ana niƙawa. Iyayen nan sun ga sana'ar da ta fi noma kawo kuɗi ne suka kama, ba wanda ya taɓa gaya musu abin da ke cikin ƙurar.

5. Gonar da sai an biya a shiga

A kan duk wannan sai ga bindiga. A sassan Zamfara da Katsina da Sakkwato da Neja da Kaduna akwai garuruwan da sai sun haɗa kuɗi sun kai wa 'yan bindiga kafin su yi shuka, su sake haɗawa kafin su girbe. Gonakin nesa, waɗanda su ne masu faɗi da ƙarfi, an bar su. Kuɗin fansar mutum ɗaya yana cinye abin da dangi suka tara a shekara ashirin. A Borno, ranar 28 ga Nuwamban 2020, an yi wa masu yankan shinkafa daga Zabarmari yankan rago a gona, washegari aka yi jana'izar mutum 43. Sun san akwai haɗari a wurin, yunwa ce ta fitar da su.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagewar ta daɗe: burtali da makiyaya da aka cinye da gonaki duk da dokar keɓe wuraren kiwo ta 1965, satar shanun da aka yi shekaru ba a hukunta kowa ba, alƙali da ɗan sandan da makiyayi da manomi duk suka yanke ƙauna da su, ƙauyuka masu tafiyar sa'o'i daga caji ofis mafi kusa. Makiyayin da aka kore wa garke rana ɗaya shi ma mutumin karkara ne da majinginarsa ta faɗi, ko da yake wannan ba ya wanke wanda ya ɗauki makami. Hatta maganin da aka kawo a kan talaka ya ƙare: da aka rufe kasuwannin mako aka katse layukan waya a Zamfara a Satumban 2021, mai akuyar sayarwa ya rasa kasuwa, wanda ɗansa ke turo masa kuɗi daga Legas ya rasa hanyar karɓa.

6. Ihu bayan hari, da ɗaki mai kwaɗo biyu

Abin da muka iya shi ne tallafi. Ruwa ya ci gari, a zo da tirela da 'yan jarida, a jera buhunan shinkafa da tabarmi da bokiti, a ɗauki hoto. Ba na raina buhun shinkafa ga wanda ambaliya ta sa ya kwana a ajin makaranta. Amma kuɗin da ake kashewa a wannan rana, da an kashe rabinsu a watan Maris wajen yashe kogi da gyara kwalbati, ko aka tabbatar taki ya iso a Mayu maimakon Agusta, da an rage masu kwana a ajin. Ƙananan hukumomi 774 ne ya kamata su yi irin wannan ƙaramin aiki. Kotun Ƙoli ta yanke a Yulin 2024 cewa a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye, sai dai ma'aunin da ɗan ƙauye zai gane shi ne ko ungozoma tana kwana a asibitin garinsu.

Ga wani abu kuma da maƙwabtanmu suka gwada. Tun wajen 1999, da taimakon hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ƙungiyoyin manoma a Nijar suke wani tsari mai sauƙi. Da kaka, maimakon kowa ya kai hatsinsa kasuwa, sai a tara a ɗakin ajiya na gari, kowane buhu da sunan mai shi. A sa wa ƙofar kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya a hannun ƙungiya, ɗaya a hannun ƙaramin bankin da zai ba da rance. Bankin ya ba kowa wani kaso na darajar buhunansa. Da kuɗin nan mutum zai sallami masu binsa, ya sayi rago ya yi kiwo ko ya yi lambu. Bayan wata biyar ko shida ya biya, a buɗe ɗaki, ya ɗauki hatsinsa daidai lokacin da ya yi daraja, ya ci ko ya sayar. Ribar jira, wadda a da ɗan kasuwa ke kwashewa, ta dawo hannun wanda ya noma.

Tsarin yana da inda yake ciwo. A shekarar da farashi ya ƙi tashi, kamar yadda aka gani bayan an buɗe ƙofar shigo da hatsi, wanda ya ajiye zai biya kuɗin ajiya a banza. Batun ruwan da ke kan rancen dole a zauna da malamai a sama masa siga ta halal, in ba haka ba rabin gari ba za su shiga ba. Wanda hatsinsa bai ma isa ci ba, ba shi da abin kaiwa ɗakin, shi nasa maganin aikin rani ne da ake biya a kusa da gida. A garin da 'yan bindiga ke ƙona rumbuna kuwa, tara hatsin jama'a wuri guda kiran hari ne, sai an fara da tsaro. Amma a garuruwa da yawa na Kano da Jigawa da Bauchi da Gombe, inda ake kwana da ido biyu rufe, abin da ake bukata bai wuce ɗaki mai rufin kirki da maganin ƙwari da mai riƙon littafi amintacce ba, sai bankin da zai yarda ya karɓi buhun gero a matsayin jingina.